Layar Baba Sale

Sale ya goge tafin hannunsa a jikin sabuwar shaddarsa, ya gyara abin sauraron da aka ɗora masa a kunne, sannan ya sungumi kankanar. Ba ta gaske ba, ta cikin waya. Ga ɗan mutuminsa nan tsaye a gindin tirela, cikin wata kasuwa da aka zana ta tsaf kamar ta Zuba, har da tulin lemo da kwandunan abarba. Aikin ɗaya ne, ya kai kankanar nan bakin ƙofar kasuwa ba tare da masu gadi sun cafke shi ba. Masu gadin su biyu ne, suna zaune a ɗaya gefen dandamalin kowa da wayarsa: Ishaya da Bernard, abokansa direbobi, waɗanda ya shafe wata uku yana lallasa su a wannan wasa.

Zauren taron nan na Wuse ya cika maƙil. Yawanci samari ne da 'yan mata masu wandon jins da gilashi, irin waɗanda sababbin kamfanonin garin nan suke kwasa kullum, sai 'yan jarida biyu-uku da kyamarorinsu. Ƙaton allon majigin yana bayan Sale, don haka ba ya ganin abin da ake haskawa, fuskokin mutane kawai yake gani. A layi na uku ga matarsa Hadijatu da mayafinta na zuwa biki, ga maƙwabtansu huɗu da ya yi wa alkawarin kallo tun daga Kurudu. Sati biyu ya yi yana cika musu baki a majalisa cewa yau za su ga aiki.

Shekara ashirin da biyu ke nan Sale yana jan Alhaji Uthman, tun Alhajin yana ƙaramin ma'aikaci a Kaduna har ya zama darakta a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja. Wasan kuwa, mai suna Ɓarawon Kankana, 'yar Alhajin ce ta ƙirƙira shi, Halimat, ita da abokin aikinta Edward. Sale ne ya kai ta makaranta ranar farko tana kuka tana riƙe masa riga. Tun daga ranar ba ta taɓa yarda ta zauna a bayan mota ba idan shi ke tuƙi, a gaba take zama kusa da shi, ana surutu. Sunan mahaifiyarsa ne da ita, shi ya sa ba ya kiran sunanta, Uwata yake ce mata, ita kuma ta ce Baba Sale.

Ita da kanta ta saka masa wasan a waya. Ta nuna masa takalmin gudu, ta nuna masa ɓawon ayaba da ake jefa wa mai gadi ya zame, sannan ta nuna masa wata 'yar laya a gefen allo. A ƙarƙashinta an rubuta ƙarara: “Layar zana. Danna ta, babu mai gadin da zai gan ka.”

“Wannan ka riƙe ta da kyau, Baba Sale,” in ji ta, tana murmushi.

Ai kuwa ya riƙe ta. A filin ajiye motoci na ma'aikata, inda direbobi ke kashe yini a ƙarƙashin bishiya suna jiran oga ya fito daga mitin, Sale ya zama dodo. Da ya danna layar sai ɗan mutuminsa ya koma kamar hayaƙi, ya ratsa ta gaban Ishaya, ya ratsa ta gaban Bernard, su kuma suna ta dube-dube suna salati. Ya taɓa tambayar su me ya sa su ba sa amfani da tasu. Ishaya ya ce ai ba kowa ake bar wa ba, shi Sale ai ɗan gida ne. Maganar ta yi masa daɗi, ta kuma dame shi. Har wata rana ya ce zai daina dannawa saboda kada ya ci haƙƙinsu, Bernard ya dafa shi ya ce, “Haba Oga Sale, Allah ne ya ba ka, ka yi amfani da kayanka.” Bawan Allah, har godiya ya yi masa.

To yau ga shi a kan dandamali. Kamfanin su Halimat na bikin cika shekara, Edward kuma ya ce Sale ne zai buɗe taro saboda babu wanda ya kai shi tarihi a wasan nan.

Ya lallaɓa ta bayan tulin lemo. Ya hango Ishaya ya tare hanyar dama, Bernard ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar layin 'yan ayaba. Sale ya yi bismillah a ransa, ya danna layar.

Zauren ya ɗauka da ihu gaba ɗaya. Ko ta cikin abin kunnen yana jin ƙarar kamar ruwan sama a kan kwano. Ya ɗago ido kaɗan ya ga mutane suna tafi, wasu sun miƙe tsaye, wata yarinya har ta kifa kai a kafaɗar ƙawarta. Daɗi ya kama shi. Ya ce bari ya ƙara musu armashi, sai ya je gaban Bernard ya zagaya shi sau biyu, ya tsaya dab da hancinsa, sannan ya wuce abinsa cikin ƙasaita. Ihun ya ninka. Yana isa ƙofar kasuwa ya cire abin kunnen, ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu sama kamar ɗan dambe.

A nan ne kunnensa ya gaya masa cewa wannan ba ihun jinjina ba ne. Dariya ce, irin wadda ake yi har da riƙe ciki.

“Jama'a, a tafa wa Baba Mai Laya!” in ji Edward a lasifika, da Hausarsa ta 'yan Abuja. “Baba, juya ka ga kanka!”

Sale ya juya. Ana maimaita wasan a kan allon, amma ba yadda ya gan shi a wayarsa ba, yadda masu gadi suka gan shi ne. Babu hayaƙi, babu ɓacewa. Ga ɗan mutuminsa nan ɓaro-ɓaro, an kifa masa jan bokiti a ka, yana sanɗa da yatsun ƙafa, rungume da kankana, ƙararrawa na lilo a wuyansa. A samansa wata kibiya tana walƙiya da rubutu: “Kada ku gaya masa.” Ga shi yana zagaya Bernard sau biyu da bokitinsa. Sannan wasu manyan lambobi suka fito suka cika allon, Edward ya karanta su da ƙarfi.

“Sau ɗari uku da tamanin da bakwai! Yawancin mutane sau ɗaya suke dannawa a gaya musu. Baba shi ne zakaran duniya!”

Hannuwan Sale suna sama har yanzu. Bai san lokacin da ya sauke su ba. Wani zafi ya taso masa daga wuya ya mamaye fuska, shaddar nan da ya biya tela kuɗin gaggawa ta koma masa nauyi kamar an jiƙa ta. Ya nemi Ishaya da ido, Ishaya na share hawayen dariya. Ya nemi Halimat, ya same ta a gefen dandamali da takardu a hannu. Tana dariya ita ma, amma suna haɗa ido dariyar ta tsaya mata a fuska.

Aka miƙo masa wani ɗan jan bokiti na roba da aka ɗaura wa kintinkiri, wai kyauta. Ya karɓa. Shekara ashirin da biyu ya saba karɓar abin da aka miƙo masa ya ce na gode, hannun ne ya yi aikinsa. Ya sauka ta matakalar baya, ya bi ta ƙofar da ma'aikatan abinci ke shiga, ya fita.

A waje rana ta take. Ya je inda ya ajiye motar Alhaji, ya ɗora bokitin a kan rufinta, ya jingina da ƙofa. Tafiya gida yake so ya yi, ya hau bas ɗin Nyanya ya ɓace, amma shi ya kawo Halimat, shi kuma zai mayar da ita. Makullin na aljihunsa.

Hadijatu ce ta fara fitowa. Maƙwabtan sun tsaya can nesa suna duba wayoyinsu kamar masu neman wani abu.

“Malam,” ta ce a hankali. “Wallahi na yi dariya da farko. Na ɗauka ka sani, na ɗauka shirin ke nan. Sai da ka juya na ga fuskarka.”

“Ba komai. Ku tafi gida.”

“Ka zo mu tafi tare.”

“Ina kan aiki.”

Ta tsaya tana kallonsa, ta miƙa hannu ta cire masa wani zare a kafaɗa wanda babu shi, sannan ta juya. Ya san kafin la'asar labarin ya riga shi isa Kurudu. Ya san sunan da za a riƙa kiransa da shi a majalisa daga yau, har yaran unguwa.

Ba a jima ba sai ga Ishaya da Bernard, kowa da robar shinkafa a hannu, har da tasa sun ɗauko masa.

“Mutumina, ka gudu ka bar abinci,” in ji Ishaya. “Kai, yau ka kashe mu! Wannan zagaye da ka yi wa Bernard...”

“Tun yaushe?” Sale ya tambaya.

“Me?”

“Tun yaushe kuke ganina?”

Ishaya ya dubi Bernard. “Ai tun ranar farko. Haka wasan yake. Sabon shiga ya danna, a bar shi ya wuce, in ya kai ƙofa a nuna masa waya a yi dariya. Ni ma an yi mini.”

“Sau nawa aka yi maka?”

“Sau ɗaya.”

“To ni me na yi muku?”

“Oga Sale, no vex, kada ka yi fushi,” in ji Bernard. “Mun so mu faɗa. Amma duk lokacin da mai gadi ya bar mai bokiti ya wuce, wasan yana ba shi maki goma. Makin rufin asiri. Kai kuma kullum kana dannawa. Ni da Ishaya yanzu mu ne na ɗaya da na biyu a duk Abuja.”

Ya faɗe ta da ɗan alfahari ma, kafin ya ji yadda ta fito. Sale ya dube su. Ishaya ne fa, wanda ya kwana biyu da shi a asibiti lokacin da aka yi wa ɗansa aiki, wanda ke kawo masa doya daga gonarsu ta Kuje duk kaka. Da wani bare ne ya yi masa da sauƙi.

“Ranar da na ce zan daina saboda kada in cuce ku,” Sale ya ce wa Bernard, “ka dafa ni ka ce Allah ne ya ba ni. Na koma gida ina gaya wa matata cewa ina da abokai masu kyakkyawar zuciya. Ashe noma ni kuke yi.”

“Haba Sale, wasa ne fa,” in ji Ishaya.

“Na sani. Ku ci shinkafarku.”

Suka ajiye masa robar kusa da bokitin, suka koma ciki sumui-sumui. Bai taɓa ta ba.

Ya yi sallar la'asar a gefen motar a kan 'yar dardumar da yake ajiyewa a but ɗin motar. Yana shafa addu'a ya ji ƙarar takalminta. Ya san tafiyar tun tana sa takalmin makaranta. Halimat ta zo ta tsaya, ta rungume kwamfutarta a ƙirji, ta jira ya naɗe dardumar.

“Baba Sale, tun ɗazu nake nemanka.”

“Ina nan inda kika bar ni.”

“Don Allah ka yi haƙuri. Ban zaci abin zai yi maka zafi haka ba. Shawarar Edward ce a hau da kai dandamali, amma ba zan ɗora masa ba, na yarda da ita. Na ɗauka za ka fi kowa dariya. Kai ne fa sarkin tsokana.”

“Kin san ni ne mai sau ɗari ukun nan?”

Ta sunkuyar da kai. “Muna ganin lissafin kowane ɗan wasa a ofis. Na gane lambarka tun a sati na biyu.”

“Tun a sati na biyu.” Ya jinjina kai. “Kullum da safe kina zaune a nan kusa da ni. Ina ba ki labarin yadda na wuce ta gaban Ishaya, kina cewa, kai Baba Sale, ba ka da dama.”

“Wallahi ba da mugunta ba ne. Ka ji ni. Layar nan ita ce abin da mutane suka fi so a wasan. Ba a sayar da ita, ba ta rage wa kowa maki, wanda ya danna ma shi ke cin wasan. Mutum ya sha dariya sau ɗaya, gobe shi ma ya yi wa wani. Ita ta sa wasan ya bazu. Mun yi ta gardama a kanta a ofis, wasu suka ce yaudara ce, ni na ce raha ce, kuma...”

“Kin rubuta babu mai ganina.”

“Eh.”

“Kuma kowa na ganina.”

“Ai nan ne abin dariyar yake.”

“Sannan kika biya abokaina lada don kada su gaya mini.”

Ta gyara riƙon kwamfutar. Can ta ce, “Makin nan kuskure ne. Mun sa shi ne don a bar mutum ya kai ƙofa sau ɗaya. Ba mu yi tunanin wasu za su mayar da shi sana'a ba. Zan cire shi ranar Litinin, na yi maka alkawari.”

Sale ya juya ya ajiye dardumar. Sai ta ɗan yi murmushi, irin wanda take yi tun tana yarinya idan ta fasa abu tana neman a yafe.

“Amma Baba Sale, tsakani da Allah, a wurin wa na koya? Ka manta danja? Shekara biyu cur kana gaya mini cewa fitilar kan titi tana jin maganarka. Mu tsaya, ka ƙirga, ka hura mata iska, ta koma kore. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ashe ta ɗaya hannun kake leƙe.”

Wannan ce ta soke shi fiye da bokitin. Ta ɗauko abin da ya fi so a duk shekarun nan ta kawo shi shaida.

“Ban manta ba,” ya ce. “Ke ce kika manta ƙarshensa. Kina aji uku, aka ce kowa ya zo ya ba da labarin wani abin mamaki a gaban aji. Kika ce mini labarin danja za ki bayar. Kin tuna abin da na yi?”

Ta kau da kai gefe.

“Na faka mota a bakin gidan mai, saura ƙiris mu kai makaranta. Na nuna miki yadda nake yi. Kika yi kuka, kika ce ba za ki ƙara yi mini magana ba, muka makara, mahaifiyarki ta yi mini faɗa da yamma. Amma ba ki shiga ajin nan kin tsaya gaban yara arba'in da bokiti a ka ba. Ni da ke muka yi wasanmu, ni da ke muka gama shi.” Ya dube ta. “Yau da safe daga Gwarimpa zuwa nan danja nawa muka tsaya? Kina kallona da sabuwar riga. Har kika ce ta yi mini kyau.”

Hawaye ya cika mata ido. “Na so in faɗa a hanya. Wallahi na so. Sai na ga an riga an shirya komai, an gayyaci 'yan jarida...”

“Haka ne. An riga an shirya.”

“Zan sa a goge bidiyon. Zan hau dandamali yanzu in ba ka haƙuri a gaban kowa. Zan cire layar ma gaba ɗaya in kana so. Ka faɗi abin da kake so in yi.”

Ya yi tunanin abin da yake so, ya rasa. Wayoyi ɗari biyu sun riga sun ɗauka. Kuma ba bidiyon ne ke ci masa rai ba, safiyoyin nan ne guda-guda, wata uku, yana zuba tana tayawa. Ya ciro wayarsa, ya danne ɗan hoton kankanar da yatsa har ya fara rawa, ya goge shi. Ya ɗauki robar shinkafar ya miƙa wa mai gadin filin. Bokitin kuwa ya buɗe but ya saka shi a ciki, kusa da jarkar ruwa, zai yi amfani wajen wankin mota.

“Kin gama a ciki?” ya tambaya.

“Na gama.”

“To mu tafi, kada Alhaji ya nemi mota.”

Ta share ido da gefen mayafi, ta ja numfashi kamar wadda aka sauke wa kaya. Ta zagaya ta ɗaya gefen, ta kai hannu ga ƙofar gaba, inda take zama tun tana 'yar shekara shida. Ta ja, ta ji ta a kulle.

Sale ya riga ya zagayo. Ya buɗe ƙofar baya, ya riƙe ta da hannu ɗaya, ya ɗan rusuna kamar yadda yake yi wa baƙin Alhaji, idonsa a ƙasa.

“Baba Sale...” ta ce.

“Bismillah, Hajiya,” in ji shi.